Bas mai tsallake tashoshi a Dakar: an rage lokacin hanya, saura na ƙofar gida

Tsakanin Guédiawaye, ɗaya daga cikin manyan unguwannin bayan birnin Dakar, da tashar Petersen da ke bakin tsakiyar gari, kilomita 18 ne da 'yan kai. Bai kai nisan Yamai zuwa Kollo ba. Amma shekara da shekaru, ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke kwana a Guédiawaye yana neman abinci a Plateau ko kasuwar Sandaga sai ya ware awa ɗaya da rabi kafin ya isa, wata rana ma fiye da haka. Wannan lokaci ne gwamnatin Senegal ta yi alkawarin rabawa biyu da sabon layin bas da ake kira BRT, wanda ya fara ɗaukar fasinja ranar 15 ga watan Mayun 2024.

Shugaba Macky Sall ne ya aza harsashin aikin a watan Oktoban 2019, shi ne kuma ya yanke kyallen buɗewa ranar 14 ga Janairun 2024, 'yan makonni kafin ƙarshen wa'adinsa. Sai dai motocin sun ɗauki watanni suna kai da kawo babu kowa a ciki, direbobi na koyon hanya, injiniyoyi na gwada fitilun ba da hannu. Lokacin da fasinja na farko ya sayi tikiti, Bassirou Diomaye Faye ne ke kan mulki. Sabuwar gwamnatin ta gaji aikin da wasu daga cikin tashoshinsa suka sha ɓarna a zanga-zangar 2023, kuma ba ta yi watsi da shi ba.

Kamfanin CRBC na China ne ya gina hanyar, da kuɗin da Bankin Duniya da Bankin Zuba Jari na Turai suka ba da rance, tare da kason gwamnati. Abin da aka kashe ya haura miliyar 300 na sefa. Tafiyar da motocin kuwa tana hannun kamfanin Dakar Mobilité, inda Meridiam na Faransa ke da kashi 70 cikin ɗari, asusun zuba jarin gwamnatin Senegal, FONSIS, ke da 30, bisa yarjejeniyar shekara 15. Bas 121 aka kawo a zangon farko, dogaye masu gaɓa a tsakiya, kowace na ɗaukar mutum kusan 150, dukkansu kuma da lantarki suke tafiya. Wannan ne ya fi jan hankalin jaridun waje, domin shi ne layin BRT na farko a Afirka kudu da Sahara da ba ya shan man fetur ko gazuwal.

Daga ina saurin yake zuwa

Batun lantarkin ya rage hayaƙi da ƙara, kuma a birnin da iskarsa ta yi ƙaurin suna wajen gurɓata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba shi ya rage lokacin tafiya ba. Lissafin mai sauƙi ne: kilomita 18 cikin minti 90 na nufin kilomita 12 a awa, gudun da mai keke ba zai yi alfahari da shi ba. Cikin minti 45 kuwa, kilomita 24 ne a awa. Ko tsohuwar mota da injinta ya gaji za ta iya wannan idan aka buɗe mata hanya. Abin da aka saya da waɗannan miliyoyi shi ne fili: layi biyu a tsakiyar titi, an killace su, babu taksi, babu amalanke, babu mai tsayawa ya sauke buhu.

Sai abu na biyu, wanda ba a cika lura da shi ba. A BRT ana biyan kuɗi ne kafin a shiga, a ƙofar tasha, kuma daɓen tashar daidai yake da ƙofar motar. Ƙofofi su buɗe gaba ɗaya, masu sauka su sauka, masu hawa su hau, cikin daƙiƙoƙi an wuce. Duk wanda ya taɓa zama cikin mota yana jiran karen mota ya gama rigimar canji da wata fasinja ya san inda sauran lokacin ke tafiya.

Abu na uku shi ne wanda ake gwadawa tun watanni kaɗan bayan buɗewa. Layin yana da tashoshi 23 a tsare, da manyan mahaɗu uku: Guédiawaye, Grand Médine da Petersen. An fara da layin B1, mai tsayawa a kowace tashar da aka buɗe. Daga baya aka ƙaro B2, wanda ke bin hanya ɗaya amma yana tsayawa a manyan tashoshi kaɗan kawai, ya wuce sauran. Hakan na yiwuwa ne saboda an bar wurin wucewa a gefen tashoshin, ta yadda mai sauri ba za ta maƙale a bayan wadda ta tsaya ɗaukar mutane ba. Wannan ɗan faɗin da aka ƙara wa titi a kowace tasha ya ci gidaje da shaguna da kuɗin diyya, amma ba don shi ba da kalmar "mai sauri" ta zama suna kawai.

Tsallake tasha ciniki ne, akwai mai riba akwai mai asara. Mutumin Guédiawaye da zai je har Petersen ya ci riba, domin kowace tsayawa da aka cire minti ne a aljihunsa. Matar da gidanta ke kusa da ƙaramar tasha kuwa tana tsaye tana kallon bas na wuce ta, wani lokaci da kujeru babu kowa. Idan aka ɗebi motoci daga layin mai tsayawa ko'ina aka mayar wa mai sauri, jiranta ya ƙaru. Kuma minti biyar na jira a tsaye cikin rana ya fi minti biyar na zama cikin mota mai sanyi nauyi a jiki. Don haka tambayar da masu tsara layin ke fuskanta kowace safiya ita ce yadda za a raba bas ɗin tsakanin layukan biyu, kuma amsarta na canzawa daga ƙarfe bakwai na safe zuwa sha ɗaya.

Minti 45 daga ina zuwa ina

Alƙaluman da hukumomi ke bayarwa daga tasha ne zuwa tasha. Fasinja kuwa daga ƙofar gidansa yake ƙirgawa. A nan ne gwajin Dakar yake da saura.

Birnin na zaune ne a kan wani tsibiri mai haɗe da tudu ta gefe ɗaya, siffarsa kamar mazurari. Ma'aikatun gwamnati, tashar jiragen ruwa, manyan bankuna da tsofaffin kasuwanni duk suna can ƙarshen da ya tsuke. Jama'a kuwa suna ta faɗin: Pikine, Guédiawaye, Parcelles Assainies, Keur Massar, Rufisque. Ƙidayar 2023 ta nuna yankin Dakar na da mutum kusan miliyan 4 cikin miliyan 18 na ƙasar, a kan fili da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin Senegal ba. Layin BRT zare ɗaya ne a cikin wannan taro. Wanda gidansa ke tafiyar minti goma daga tasha ya samu sauƙi na gaske. Wanda ke cikin lungunan Yeumbeul ko Malika sai ya fara hawa wata motar, ya biya, ya jira, kafin ya ga tashar da ido.

Tun farko tsarin ya tanadi wannan. Hukumar CETUD, wadda ke kula da sufurin birnin tun 1997, ta zana sabbin layukan da za su riƙa kwaso mutane daga cikin unguwanni suna zubawa a tashoshin BRT da na jirgin ƙasa na TER, wanda ya fara aiki tsakanin Dakar da Diamniadio a Disamban 2021. Shirin ya ƙunshi ɗaruruwan sabbin bas da gyaran tituna, da tallafin masu ba da rance na Turai. Amma babban layin ya riga waɗannan ƙananan fitowa. An gina kogi kafin a haƙa magudanan da za su ciyar da shi. Shi ya sa adadin fasinja 300,000 a rana da aka yi hasashe ya zama abin da ake fatan kaiwa nan gaba. A shekarar farko dubun-dubata ake ɗauka, nesa da wancan adadi.

Sai kuɗi. Tikitin dala tamanin ne, wato sefa 400, idan tafiyar ba ta fita shiyya ɗaya ba, dala ɗari kuma idan ta tsallaka. Ga ma'aikacin banki wannan araha ce, musamman idan ya tuna abin da yake ba taksi ko man da yake zuba wa motarsa. Amma wanda ke zuwa aiki kwana 26 a wata daga Guédiawaye, zuwa da dawowa, jika 26 zai kashe a BRT kaɗai. Mafi ƙarancin albashi a Senegal kimanin jika 64 ne. Kashi biyu cikin biyar ke nan, tun ba a sa kuɗin motar da za ta kai shi tasha ba. Ga mai irin wannan albashi, da mai tallan da ba shi da albashi ko kaɗan, awa ɗaya da rabi cikin cunkoso har yanzu ta fi sauƙin biya.

Wannan ne ya sa tsofaffin motocin ba su ɓace ba. Su car rapide masu fentin shuɗi da ruwan ɗorawa, waɗanda suka zama tambarin Dakar, da farare da ake kira Ndiaga Ndiaye, da ƙananan bas ƙirar Tata na ƙungiyar AFTU da aka fara shigowa da su a 2005, da manyan bas na kamfanin gwamnati Dakar Dem Dikk, duk suna nan. Car rapide ba ta da agogo, ba ta da sanyi, da yawa sun girmi direbobinsu. Amma tana shiga inda babu kwalta, tana tsayawa inda aka ƙwanƙwasa mata, ana iya hawa da kwandon kifi, kuma gajeriyar tafiya ba ta fi ƙarfin talaka ba. Dubban iyalai kuma daga gare ta suke ci: mai mota, direba, yaran mota, masu kiran fasinja a tasha, makanikai. Duk sabon layin da ya ɗauke su a matsayin dattin da za a share zai gamu da su a hanya, ko a kan titi ko a akwatin zaɓe. An yi alkawarin sa su cikin layukan kwaso fasinja. Yadda za a cika wannan alkawari ya fi launin bas ɗin muhimmanci ga makomar aikin.

Akwai kuma abin da hanyar ta yi wa unguwannin da ta ratsa. Titin da a da ake tsallakawa ta ko'ina yanzu yana da shinge a tsakiya, mai shago na hango abokin cinikinsa a ɗaya gefen amma sai ya zagaya. Masu babur da masu tafiya ƙasa na kutsawa cikin layin don yanke hanya, motar lantarki kuma ba ta da ƙarar da za ta gargaɗe su. An samu haɗurra, har hukumomi suka shiga gangamin faɗakarwa da tsaurara tsaro a mararraba.

Ba kowa ne ke zuwa tsakiyar gari ba

Wani zato da ke ƙarƙashin yawancin irin waɗannan ayyuka shi ne cewa kowa da safe tsakiyar birni ya nufa, da yamma kuma ya koma. Gaskiya ne ga ma'aikacin ofis. Amma ɗalibar da ke Parcelles tana karatu a Grand Yoff, ko majinyacin da zai je asibitin Dalal Jamm a Guédiawaye, ko magini da ke bin sabbin gine-gine daga wannan unguwa zuwa waccan, babu ruwansu da Plateau. Wani ɓangare na amfanin BRT da ba a yi ta talla ba shi ne wannan: mutane na hawa a tsakiyar layi suna sauka a tsakiyar layi. Sai dai layin tsaye yake daga bayan gari zuwa ciki. Wanda zai tashi daga Guédiawaye zuwa Thiaroye ko Keur Massar, wato daga wata unguwar bayan gari zuwa wata a kaikaice, ba shi da layi mai sauri tukuna.

Landan ta gwada amsa wannan tambayar ta wata hanya dabam, mai arha. A 2023 magajin garin, Sadiq Khan, ya ƙaddamar da jerin layukan bas da aka sa wa suna Superloop, yawancinsu masu zagaya bayan birnin suna haɗa garuruwan gefe da juna ba tare da shiga tsakiya ba. Ba a gina sabuwar hanya ba. Wasu layukan ma tsofaffi ne aka canza musu lamba aka ƙara musu motoci. Abin da aka yi shi ne rage wuraren tsayawa zuwa kasuwanni, asibitoci da tashoshin jirgi, aka bar kuɗin mota daidai da na kowace bas. Kuɗin farko da aka ware fam miliyan 6 ne, abin da ba zai gina kilomita ɗaya na hanyar Dakar ba. Raunin tsarin a fili yake: inda babu layin bas na musamman, mai saurin ma cikin cunkoso take kwana. Ƙarfinsa kuma shi ne idan layi bai samu fasinja ba, a canza shi ba a rushe komai ba.

Biranen Afirka da suka riga Dakar sun nuna inda kowace hanya ke karyewa. Legas ta buɗe nata layin a Maris 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, da shinge mai sauƙi da kuɗi kaɗan, ta kuma jawo ƙungiyar direbobi cikin tafiyar da shi tun farko. Daga baya ta miƙa shi har Ikorodu. Accra ta fito da bas ɗin Aayalolo a 2016 tsakanin Amasaman da tsakiyar gari, sababbi fil, amma ba tare da keɓaɓɓiyar hanya ta kirki ba. Suka shiga cunkoso ɗaya da trotro, kuɗin shiga bai biya mai ba, cikin shekara biyu aikin ya durƙushe. Dar es Salaam ta gina hanya mai kyau daga Kimara zuwa Kivukoni, ita ma a 2016, jama'a suka yi dafifi, sai motocin suka kasa, waɗanda suka lalace ba a maye gurbinsu da wuri ba, ga garejin da aka gina a kwarin Jangwani inda ambaliya ke shiga. Accra ta sayi bas babu hanya, Dar es Salaam ta gina hanya bas suka yi mata kaɗan. Dakar ta kauce wa duka biyun a ranar buɗewa. Ko za ta ci gaba da kaucewa, sai lokacin da batura suka fara rauni, aka zo maganar wanda zai biya sababbi.

Abin da ya shafi Yamai

Kuɗin da ake biya a Dakar da wanda ake biya a Yamai sefa ɗaya ce, don haka lissafin ba ya buƙatar fassara. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne. Tikitin dala ɗari sau biyu a rana zai cinye fiye da rabinsa. Babu yadda za a kwafo tsarin Dakar yadda yake ba tare da tallafi mai nauyi daga baitulmali ba, kuma babu alamar miliyar 300 na jiran a zo a ɗauka. Bas mai lantarki ma sai an yi tunani biyu a birnin da ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya.

Amma matsalar da aka so magancewa tana nan, ko da ba ta kai ta Dakar tsanani ba. Yamai na faɗaɗa ta kowace kusurwa, daga Koira Tegui zuwa Talladjé da hanyar filin jirgi, daga Goudel zuwa Saga, ga Harobanda a ƙetaren kogi inda jami'ar Abdou Moumouni take. Motocin kamfanin SOTRUNI ba su taɓa wadatar da garin ba. Taksi, faba-faba, kabu-kabu da adaidaita ne ke ɗauke da jama'a, kuma yawancin layukan faba-faba a kasuwannin tsakiya suke haɗuwa. Wanda zai tashi daga wata unguwar gefe zuwa wata sau da yawa sai ya shiga gari, ya sauka, ya sake biya. Gada ta biyu da aka buɗe a 2011 da ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché da ta biyo bayanta shekara goma sun buɗe hanyoyin da ba sa bi ta gadar Kennedy, amma mai mota da mai babur ne suka fi morar su.

Gwaji irin na Landan, layi ɗaya ko biyu tsakanin unguwanni da tsayawa kaɗan da lokacin tashi sananne, bai fi ƙarfin hukumar birni ba. Abin da Accra ta koyar shi ne ko da fenti da 'yan sanda ne, sai an ware wa bas ɗin gefen titi a wuraren da ake cushewa. Abin da Legas ta koyar shi ne a zauna da masu faba-faba kafin a sayo mota, ba bayan sun tare hanya ba. Sannan a auna abin da ya kamata a auna: minti nawa daga gida zuwa wurin aiki, nawa aka kashe gaba ɗaya, mutum nawa suka bar tsohuwar mota, su waye kuma suka kasa.

Birni na gaba da zai ba da amsa a yankin shi ne Abidjan, inda aka fara gina layin BRT na kimanin kilomita 20 tsakanin Yopougon da Bingerville a 2024. Shi wannan daga wata unguwar gefe ya tashi zuwa wata, ya ratsa birnin daga yamma zuwa gabas, kuma a kan hanyarsa akwai gbaka da woro-woro da suka fi car rapide na Dakar yawa.